Lambar Miji, In Akwai

Masu turo min saƙo kuna cewa in sassauta, wai miji irin Injiniya ba a tsintarsa a bakin titi, na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce girman kai ne zai tsofar da ni a ɗakin uwata. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku gyara zama ku ji abin da ya haɗa mu a makon nan, in kun gama ji sai ku yanke min hukuncin.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, kuma aikina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon masu gyaran waya. Mai kamfanin shi ne Injiniya, ɗan aminin Abbanmu, mutumin da gidanmu kaf suka gama ɗaura min aure da shi a zuciyarsu, ni kaɗai ake jira. Ba wai ba na sonsa ba ne, kar ku ɗora min abin da ban faɗa ba. Yana da kyau, yana da kunya a gaban manya, bai taɓa manta turaren da nake so ba. Aibinsa guda ne: duk abin da ka kawo masa, sai ya ce ba matsala. Ko rufin ofis ne ke yoyo a tsakiyar kansa, ba matsala.

Manhajar da muke ginawa ta awon ciki ce. Asibiti zai zuba sunayen mata masu zuwa awo, ita kuma kowace yamma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tura saƙon tunatarwa, gobe ranar awo ce, ƙarfe kaza. Dabarar da Injiniya ke tinƙaho da ita ita ce, ba wayar matar saƙon zai je ba, wayar mijin zai je. Ya ce mata da yawa suna fashin awo ne don maigida bai sani ba, ko ya manta ya fice abinsa. Kuma gaskiyarsa ce, ban taɓa musa masa wannan ba.

Ranar Litinin na shiga ofis da doguwar rigata ruwan toka mai aljihu da baƙin mayafi, na'urar sanyaya ɗaki ta sake macewa, fanka ɗaya ce ke ta waige-waige tana raba mana iska kamar gado. Na buɗe kwamfuta, allon ya cika da layuka ruwan ɗorawa.

Bari in yi muku bayani a gurguje, don kar in bar ku a baya. Akwai abin da muke kira kwamfaila. Shi ke karanta abin da muka rubuta, ya haɗa shi ya zama manhajar da kuke buɗewa a waya. In ka tafka babban kuskure, sai ya ja jan layi ya ƙi aiki. In kuwa abin bai kai kuskure ba amma bai kwanta masa a rai ba, sai ya ja layi ruwan ɗorawa, ya yi maka hannunka mai sanda ya wuce. Tun da muka sabunta kayan aiki ya tsiro da wata sabuwar mita: wannan wurin fa, ƙila babu komai a cikinsa. Mu nol muke ce wa irin wannan babun. Kamar ki miƙa hannu a duhu za ki ɗauki kofi inda kika saba ajiye shi, ashe an ɗauke. Ke za ki lalluba. Manhaja ba ta iya lallube ba, in ta miƙa hannu ta ji wayam, nan take take faɗuwa.

Hanya biyu ake rufe masa baki. Ko ka sa alamar tambaya a wurin, ka amsa cewa e, ƙila akwai ƙila babu, sannan ka zauna ka rubuta abin da za a yi in babu. Ko kuma ka sa alamar motsin rai, 'yar sandar nan mai ɗigo a ƙasa, wadda ma'anarta a wurinsa ita ce: na rantse akwai, yi min shiru. Shi kuwa ba ya gardama da mai rantsuwa. Sai ya janye layinsa, in abu ya fashe daga baya kai ka jiyo.

Ƙamshin turarensa na fara ji kafin muryarsa.

"Har yanzu ruwan ɗorawan nan ne?"

"Ina bin su ɗaya-ɗaya, Yallaɓai." A ofis haka nake kiransa.

"Jibi mutanen asibiti za su zo, kuma da mai duba musu harkar kwamfuta za su zo. Ba na so ya ga allo kamar an fasa masa ƙwai. Ki bi su duka da alamar motsin rai, yanzu kin gama."

"Mafi yawansu tsoron banza ne, na yarda, na ma share su. Amma zo ka ga wannan."

Ya sunkuyo, na nuna masa da bayan biro.

"Layin da ke ɗauko lambar miji ne. In aka zo kan matar da ba a saka mata lambar miji ba, a kanta manhajar za ta faɗi. Kuma ba ita kaɗai za ta rasa saƙo ba. Duk matan da ke bayanta a jerin, babu wadda za a tuna wa. Ba kuma wanda zai sani, don ba ihu za ta yi ba."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa mai lotsa kumatu, wadda a wani wurin takan kashe min jiki.

"Awon ciki fa muke magana. Mai ciki ba miji?"

Dogo, wanda teburinsa ke jikin nawa, magidanci ne da ba ya son tashin hankali ko a fim, ya dulmiya kansa cikin allo kamar yau ya fara ganin kwamfuta.

Yayata tana gida da tsohon ciki. Mijinta ya sake ta tun cikin bai fito ba, ta dawo ɗakin da muka taso a ciki da akwati biyu. Injiniya ya sani sarai, shi ya taya mu ɗauko akwatunan a motarsa. Ba da mugunta ya faɗa ba, mantawa ya yi, kuma wallahi mantuwar ce ta fi yi min ciwo.

"Miji yana mutuwa, Yallaɓai," na ce. "Yana saki. Yana tafiya neman abinci a daina jin ɗuriyarsa. Wani yana nan da ransa, amma matar ba ta so ya san ranar da za ta fita."

"To ki mai da wurin dole. Ba lamba, ba rajista. Ba matsala."

"Sai nas ta kori mai ciki don ba ta zo da lambar namiji ba?"

"Ta ba da ta babanta mana, ko ta wanta."

"Sai a tura wa babanta, ‘Maigida, muna tunatar da kai matarka tana da awo gobe’?"

Wani ya yi tari daga can baya, irin tarin da ake binne dariya a cikinsa. Na ga kunnuwan Injiniya sun motsa.

Na sassauta murya, don ni ma ba so nake in ƙure shi ba. "Ka ba ni yini ɗaya. In akwai miji a tura masa. In babu, a tura wa matar da kanta ko wanda ta zaɓa, da kalmomin da suka dace da shi."

"Yini ɗayan ne ba ni da shi. Kuma na riga na gaya wa asibiti kowane saƙo wurin maigida zai je, abin da ya burge su ke nan. Yanzu in koma in ce musu ban da wasu?" Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Haba ke kuwa. A gaban yara?"

"Ba zan rantse a kan abin da na san ƙarya ne ba."

"Ba rantsuwa ba ce, alama ce kawai."

"To wani ya sa. Amma ni ba zan sa hannu ba."

A kamfaninmu ba a shigar da sabon aiki cikin manhaja sai wanda ya rubuta ya samu mutum na biyu ya duba ya amince. Shi da kansa ya kafa dokar, kuma yawanci ni ce ta biyun. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, fanka ta waigo ta ɗaga min mayafi ta koma. Sai ya juya ya shige ofishinsa, ya rufe ƙofa a hankali. Da ma bugawa ya yi, da ta fi min sauƙi.

Ina cikin motar haya da yamma, an matse ni tsakanin wata mai buhu da taga, saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, har yanzu fushi ake?"

"Ba fushi nake ba."

"Kin san kin yi kyau yau, har lokacin da kike faɗa."

"Layin yana nan yadda na bar shi."

Ya turo fuska mai dariya har da hawaye, ya bi ta da zuciya ja. Na kalli zuciyar nan, na ji tawa ta ɗan yi laushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma na lura bai ce komai a kan layin ba, sai na kife wayar a cinya.

Tun daga ƙofar falo na san akwai magana. Takalman Gwaggo ne a ajiye, masu ruwan gwal ɗin nan da ba ta sa su sai za ta je sulhu ko za ta je haɗa faɗa. Gwaggo yayar Abba ce, kuma tun da Abba ya yi tafiyar aiki ta naɗa kanta mai gadin tarbiyyarmu. Na same ta a kujerar Abba, ta ɗora tabarau a kan hanci, Umma kuma tana lungu a gaban keken ɗinki da rigar jariri a ƙarƙashin allura, ba ta takawa. Ashe Injiniya ya ba mahaifiyarsa labari cikin raha, ita kuma ta kira Gwaggo ba cikin raha ba.

Na durƙusa na gaishe su.

"Sannu da zuwa, shugabar kamfani," in ji Gwaggo. "An ce a kan wata sanda da ɗigo kika yi wa yaron nan tsawa a gaban ma'aikatansa."

"Ban yi tsawa ba, Gwaggo."

"Sanda da ɗigo! Ni da aka kira ni, na ɗauka wani abin kirki ne ya ɓata. Shi da kamfaninsa, shi da kwamfutarsa, ya ce ki sa, ke ina ruwanki? In ya ce ki sa goma, ki sa ashirin ki haɗa masa da godiya."

"Auta," Umma ta ce a hankali, "namiji ba ya son a ƙure shi a gaban mutane. Ko kina da gaskiya, ki bari sai kun keɓe."

Wannan kam ta shige ni, don Umma ba ta faɗin banza. Da a nan aka tsaya, da na ba da haƙuri a kan muryata, in bar gaskiyata a inda take. Amma sai na ce bari in yi musu bayani, na fara da kofi a duhu, na zo kan jerin mata, har bakina ya furta "matan da ba su da miji." Na ga hannun Umma ya sauka daga kan keke.

"Au," Gwaggo ta zare tabarau. "Ashe abin na gida ne. To ki buɗe kunne ki ji. Ɗaya ta ishe mu a gidan nan, ba za mu jera biyu ba."

Ƙofar ɗakinmu a buɗe take rabi, labule kawai ke tsakani.

"Yayarki tana da miji," Umma ta ce, ba ni take kallo ba, labulen take kallo. "Har yanzu igiyarsa na kanta. Kafin ta haihu zai zo ya mayar da ita, in Allah ya yarda."

Na miƙe. Na san rashin kunya ne, kuma na san zan biya.

"Gwaggo, mu ba kwanuka ba ne da za a jera mu."

Ban tsaya jin salatin da ta saka ba, na ɗaga labule na shige.

Yaya tana kwance a gefe ɗaya, ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan filo biyu, tana ninke 'yan safunan jariri a kan cikinta kamar tebur. Rigar barcina ce a jikinta, don nata duk sun daina shiga. Na zauna a bakin gado ina huci, ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari.

"Na ji komai," ta ce. "Ki sa masa abin nan, Auta."

Na juyo na kalle ta.

"Kar ki yi yaƙi da sunana, ban aike ki ba. Gobe in maganar nan ta lalace, ba wanda zai ce ke ce mai taurin kai. Cewa za a yi ni na shafa miki."

"Yaya, ba don ke kaɗai ba ne."

"To ki cire ni a ciki."

Gwaggo ta zage ni ban ji komai ba, amma wannan ta sa idona ya kawo ruwa. Asibitin da Injiniya ke zawarci shi ne wanda Yaya ke zuwa awo, don haka na tambaye ta ita lambar wa ta ba su. Ta ce in miƙo mata man zafi in murza mata ƙafa, surutuna ya ishe ta. Na ɗauko na murza mata.

Washegari na buɗe kwamfuta na tarar da allo fes, ko ɗigon ruwan ɗorawa babu. Dogo ne ya rubuta, Injiniya ya sa hannu da kansa a matsayin na biyu. Ni kuma an turo min sabon aiki a rubuce: in gyara launin maɓallai, wai shuɗin ya yi duhu. Shekaruna nawa a kamfanin nan, ni na gina ƙashin bayan manhajar, yau an mai da ni mai fenti.

Dogo ya gangaro da kujerarsa kusa da ni, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Anti, ki yafe ni. Ina da iyali."

"Ban ce maka komai ba, Dogo."

"Shi ya sa na ce ki yafe ni."

Zuciya ta hana ni buɗe abin da ya rubuta, na ce me zan gani ban da sanduna a jere. Na gyara musu shuɗinsu, ya yi haske har yana kashe ido. Lokacin cin abinci kuwa, kowa ya fita, na zauna na rubuta gyarana a gefe, inda ba zai taɓa manhajar ba: in akwai miji kaza, in babu kaza. Na ajiye shi. Sannan na shiga zauren ma'aikata na waya na rubuta layi ɗaya, cewa ban amince da yadda aka rufe gargaɗin lambar miji ba, kuma ina so a san na faɗa. Kowa ya karanta, ba wanda ya amsa, sai Injiniya da ya ɗaga min babban yatsa.

Ranar Laraba mutanen asibiti suka zo, babbar nas da wasu maza biyu masu jakunkuna. Zan gaya muku gaskiya ko da za ku zage ni: a raina na so abin ya faɗi a gabansu. Bai faɗi ba. Ya yi aiki sumul, don sunayen gwaji mu muka ƙirƙire su, kuma kowace mun aurar da ita da miji mai waya. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, babbar nas har ta yaba launin maɓallai. Suka ce za su zuba sunayen gaske a gwada daga ranar Lahadi. Na koma gida ina tambayar kaina ko dai ni ce mai neman fitina, kamar yadda wasunku suka rubuto min.

Lahadi da la'asar Injiniya ya zo gaida Umma. Tun rana Gwaggo ta iso da takalmanta masu ruwan gwal, ta sa aka canza rigunan kujeru, aka goge teburin gilashin tsakar falo har yana ɗaukar ido. Na fito da rigar zaman gida, Umma ta kore ni da ido, na koma na sa koriyar nan mai ɗinkin zare a wuya da mayafinta. Kwalli kawai na sa. Janbaki na ɗauka na mayar, don kar a ce na sauko.

Ya shigo cikin fararen kaya, hula a karkace kaɗan, da leda mai kwalin turare da cakulan. Ya durƙusa har ƙasa, Gwaggo ta dinga sa albarka kamar an buɗe famfo. Na kawo lemo da kofuna, ya ajiye wayarsa a kan teburin gilashi, ya gyara zama.

"Umma, ai ba komai," ya ce. "Sha'anin aiki ne. Duk kamfanin babu mai ƙwazonta, wani lokaci ne ƙwazon ke yin yawa."

"Ka ji ɗan albarka," in ji Gwaggo, ta harare ni. "Wani ne da tuni ya yi zuciya."

Na sunkuyar da kai ina kallon zanen kafet. Ku da kuka taɓa zama a yafe muku laifin da ba ku yi ba, a gaban mutane, kun san ɗacin da ke taruwa a ƙasan harshe.

"Yau ma aka fara da sunayen gaske," ya ci gaba, yana duba agogon hannunsa. "Yanzu haka saƙonni sun fara tafiya."

Wayar ta yi gurnani a kan gilashi.

Gwaggo ce ta fi kusa. Ita kuma Allah ya yi ta da karatu, ko kwalin magani ta gani sai ta karanta shi da ƙarfi har adireshin kamfani. Ta gyara tabarau ta sunkuya.

"Maigida, muna tunatar da kai, matarka..." Ta karanto sunan wata mata. "...tana da awon ciki gobe."

Ta ɗago a hankali. Kofin Umma ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

"Matarka?"

"A'a, Gwaggo, wannan ai..."

Wayar ta sake gurnani. Gwaggo ta riga shi kai ido.

"Wata ce kuma! Wannan ma ciki gare ta!"

Ya wawuri wayar, tana hannunsa ta sake yi, ta kuma sake yi. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati, tana tambayarsa su nawa ne, tun yaushe, mahaifiyarsa ta sani kuwa. Shi kuwa bakinsa na buɗewa yana rufewa, hular ta ƙara karkacewa. A lokacin tawa wayar ta yi ƙara a cikin mayafi. Dogo ne, saƙo a kan saƙo.

"Anti kina kusa da Yallaɓai?"

"Na shiga uku."

"Duk na sa musu alamar, amma layin miji na kasa, maganarki ta tsaya min a rai. Sai na rubuta in babu lambar miji a tura wa lambar gwaji, don dai kar ta faɗi."

"Na manta lambar gwaji ta Yallaɓai ce."

Na cusa bakin mayafi a baki. Allah ya gani na yi ƙoƙari, amma kafaɗuna suka tona min asiri.

"Dariya kike yi?" Gwaggo ta juyo kaina. "Mutum ya tara mata a ɓoye kina dariya?"

"Ba matansa ba ne, Gwaggo. Matan da aka ce babu su ne. Duk wadda ba ta ba da lambar miji ba, shi manhajar ta ɗaura wa."

Wayar ta sake yi, ta sake yi. A nan dariyar ta tsaya min, don na fara jin abin da nake ji. Kowane gurnani mace ce da ke da awo gobe, ba wanda zai tuna mata, kuma sunanta da cikinta da rashin mijinta sun faɗo hannun namijin da ba ta taɓa gani ba. Na gobe kaɗai ke nan. Ni kaina da na yi ta faɗa, ban zaci sun kai haka ba. Injiniya ya daina ƙoƙarin bayani, yana ta jan allon da yatsa, suna na bin suna. Na ga fuskarsa ta sauya, ba irin ta wanda aka kunyata ba, irin ta wanda ya fara lissafi.

Sai yatsan ya tsaya cak. Ya ɗago ya kalli labulen ɗakinmu, ya yi saurin kife wayar a gwiwa. Amma Gwaggo ta riga ta miƙe tana leƙe ta kafaɗarsa, kuma bakinta ya riga hankalinta. Ta karanto sunan Yaya, da sunan Abbanmu a bayansa.



Umma ta ajiye kofi a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, labulen ta yi wa magana.

"Ba ki ba su lambarsa ba?"

Labulen ya motsa. Yaya ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a jikin ƙofa, da rigar barcina da ƙaramin mayafi a ka, ƙafafunta sun cika silifa sun tumbatsa. Tun da ta dawo gidan nan ba ta taɓa fitowa falo da baƙo a ciki ba.

"Sun tambaye ni sau biyu, Umma. Na ce musu babu." Ta numfasa. "Don babu."

Umma ta rufe fuska da gefen mayafinta. Gwaggo ta buɗe baki, Yaya ta kalle ta, sai ta mayar ta rufe, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Sannan Yaya ta juya wurin Injiniya, da ladabinta, kamar mai tambayar hanya.

"Injiniya, sannu da zuwa. Tunda kai aka aiko wa, ƙarfe nawa suka ce in je?"

Wayar ta sake gurnani a gwiwarsa. Bai duba ba. Ni ya kalla, idonsa ya yi ja, muryarsa ta dawo ƙarama.

"Gyaran nan da kika ce... kwamfutarki tana kusa?"

"Tana kusa, kuma gyaran a rubuce yake tun Talata," na ce, ban motsa daga inda nake ba. "Amma ka fara amsa wa Yaya."